Wayar Hannu da Mai Juna Biyu: Shirin da Ya Kamata a Yi Kafin Ranar Haihuwa

Uwargida, ran da kika zo awo na gaba, ki ɗan waiga ki dubi matan da kuke zaune tare a kan benci kuna jiran a kira lamba. Za ki ga wata tana sauraron saƙon murya, wata tana kallon bidiyo, wata kuma tana ta neman layin maigida don ya turo kuɗin gwajin jini. Za ki kuma ga wadda ta naɗe hannu tana kallon kowa, domin wayar gidansu guda ɗaya ce, tana kuwa aljihun maigida a kasuwa. To, a wannan fitowa a kan wayar nan za mu tattauna da ke da iyalinki: yadda ta shigo ƙasar nan, inda kasuwarta ta dosa, da kuma amfanin da za ta yi miki a daren da naƙuda ta taso.

Daga layin NITEL zuwa aljihun kowa

Kafin shekarar 2001, layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su wuce kimanin 400,000 ba, kusan dukkansu na kamfanin gwamnati ne, wato NITEL, kuma a manyan birane suke. A wancan lokaci idan naƙuda ta kama mace da dare, sai dai a tashi yaro ya ruga ya buga ƙofar mai mota.

A watan Janairu na 2001 ne Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. A watan Agusta na wannan shekara kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Manya a gidanku za su tuna cewa layi kaɗai yakan kai naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya, ko da sallama kawai mutum ya yi ya kashe. Da Glo ya shigo a 2003 da tsarin caji a kan daƙiƙa, sai gasa ta kankama, farashi ya yi ta sauka har layi ya zama abin da talaka zai iya saye. Etisalat ya biyo baya a 2008, daga baya ya koma 9mobile a 2017. Shi kuwa Econet ya yi ta sauya suna da masu shi, daga Vmobile zuwa Celtel zuwa Zain, kafin ya zama Airtel a 2010.

A farkon 2024 layukan da hukumar NCC ke lissafawa sun haura miliyan 200. Amma da aka rufe waɗanda ba a haɗa su da lambar katin ɗan ƙasa ba, wato NIN, aka kuma tace lissafin, sai adadin ya sauko zuwa kimanin miliyan 155 a watan Satumba na shekarar. A alƙaluman 2025, MTN ne ke da fiye da rabin masu layi, Airtel yana da kusan kashi ɗaya cikin uku, ragowar kuma na Glo ne da ƙaramin kamfani na huɗu.

Babbar waya na yaɗuwa, kuɗin riƙe ta na ƙaruwa

Da can waya ta kira ce da tes. Yanzu harkar ta koma kan intanet. Sabis mai sauri da ake kira 4G ya fara bazuwa tun wajen 2016, sa'an nan MTN ya ƙaddamar da 5G a wasu birane a 2022, Airtel ya bi sahu a 2023. Wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Itel da Infinix, waɗanda duk na kamfani ɗaya ne na ƙasar Sin mai suna Transsion, su suka cika kasuwanni kamar Farm Centre a Kano, saboda suna ɗaukar layi biyu kuma batirinsu na daɗewa.

Duk da haka, kada ki ɗauka kowa ya koma babbar waya. A shekarar 2025 wajen kashi 40 cikin 100 na layukan ƙasar nan suna kan tsohon sabis na 2G ne, wanda ya dace da kira da tes amma ba ya jan bidiyo. Masu amfani da 5G kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta sa kuɗin sabuwar waya ya yi tashin gwauron zabo, ga tsadar man dizal da kamfanoni ke zubawa a janareton turakun sabis. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin su ƙara kuɗin kira da tes da data har zuwa kashi 50 cikin 100, bayan fiye da shekaru goma ba a yi irin wannan ƙari ba. Shi ya sa katin da a da yake kai ki mako guda, yanzu tun kafin mako ya cika ya ƙare.

Abin lura a nan shi ne, ƙaramar waya mai tocila ta isa ta ceci rai. Ba lallai sai kin mallaki babbar waya ba. Abin da ake bukata shi ne wayar ta kasance kusa da ke, da caji, da kati a ciki.

Wayar tana hannun wa?

Binciken lafiyar al'umma da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 81 cikin 100 na maza suna da wayar kansu, mata kuwa kashi 55 ne, kuma giɓin ya fi faɗi a karkara da tsakanin matan da ba su yi makarantar boko ba. Haka kuma ƙungiyar kamfanonin waya ta duniya, GSMA, a rahotanninta na 2024 da 2025 ta ce a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, mata sun gaza maza da kimanin kashi 30 cikin 100 wajen amfani da intanet ta waya. Manyan dalilan su ne tsadar wayar da rashin iya karatu, a wasu gidajen kuma rashin amincewar iyali.

Ga mace mai ciki wannan ba ƙaramar magana ba ce. Idan wayar gida ɗaya ce, maigida ya fita da ita tun safe ko ya yi tafiyar kwanaki, jini kuma ya ɓalle da rana tsaka, da me za ta nemi taimako? Wasu wurare sun gane haka tun tuni. A jihar Ondo, shirin Abiye da aka fara a ƙaramar hukumar Ifedore a 2009 ya riƙa raba wa masu ciki waya don su kira ma'aikacin lafiyar da aka haɗa su da shi kyauta. A Afirka ta Kudu gwamnati ta fara shirin MomConnect a 2014, inda ake tura wa mai ciki saƙonni daidai da watannin cikinta. A Indiya kuma akwai shirin Kilkari tun 2016, wanda ke kiran mace sau ɗaya a mako da saƙon murya, tun daga wata na huɗu har jariri ya shekara, saƙo 72 ke nan, ta yadda ko wadda ba ta iya karatu ba za ta amfana.

Jinkiri uku da ke kashe mata

Kiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa a shekarar 2020 kimanin mata 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki ko haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. Mafi yawansu da an kai su asibiti da wuri da sun rayu.

Tun a 1994 wasu masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana cewa jinkiri iri uku ne ke jawo wannan asara. Na farko, jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, ko don ba a gane alamar hatsari ba, ko don ana jiran izinin maigida. Na biyu, jinkirin isa asibiti saboda rashin mota ko nisan hanya. Na uku, jinkirin samun kulawa bayan an iso, alal misali a rasa jinin da za a ƙara ko kuɗin aiki.

Waya na iya rage kowane ɗaya daga cikinsu. Da ita ake samun maigida ko ungozomar asibiti a yi shawara cikin minti biyu. Da ita ake kiran direba, da ita kuma ake tara 'yan uwa masu ba da jini, a turo kuɗi tun kafin mota ta iso ƙofar asibiti. Ki sani, zubar jini mai yawa bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Saboda haka kowane minti da aka rage yana da daraja.

Shirin da za ku yi tun ciki yana wata bakwai

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ku zauna ke da maigida ku kammala waɗannan:

1. Ku ajiye lambobin direbobi aƙalla biyu da ke kusa da ku, waɗanda kuka yi magana da su suka yarda a tashe su ko da ƙarfe biyun dare ne. A wasu jihohin Arewa kamar Jigawa, Katsina, Yobe, Zamfara da Gombe an horar da direbobin ƙungiyar NURTW kan ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa. Maigida ya tambaya a tashar mota mafi kusa ko akwai irinsu.

2. Ki tambayi ma'aikaciyar awo ko akwai lambar da ake kira a ɗakin haihuwa, ki ajiye ta. Ki kuma ajiye 112, lambar gaggawa ta ƙasa da ake kira kyauta a kowane layi, sai dai kada ku dogara da ita kaɗai.

3. Ku nemi mutum biyu ko uku da suka amince za su ba da jini idan an bukata, ku ajiye lambobinsu. Ki san rukunin jininki.

4. Ku rubuta duk lambobin nan a takarda ku haɗa da katin awo. Waya na iya mutuwa ko ta ɓata, amma da takarda a hannu wayar maƙwabta ma ta wadatar.

5. Ku bar kati a waya wanda ba a taɓawa. Tun 2023 lambobin aiki iri ɗaya ne a duk kamfanoni: *310# don duba kuɗi, *311# don loda kati, *303# don cin bashin kati. Ku lura kuma, daga tsakiyar 2025 kuɗin tura kuɗi ta lambobin banki masu tauraro, kusan naira 7 a kowane shiga, daga katin waya ake cire shi. Wato idan babu kati, tura kuɗin asibiti ma zai iya gagara.

6. Kada ki kwanta da waya babu caji a watan haihuwa. Idan wutar lantarki ba ta tsayawa a unguwarku, a kai ta shagon caji kafin magariba, ko a tanadi batirin ajiya ko ƙaramar sola.

7. Lambar da kika bayar a katin asibiti ta zama wadda ke aiki kuma aka haɗa da NIN. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Idan kin sauya layi, ki faɗa a ranar awo, don kada a neme ki da sakamakon gwaji a rasa.

Har ila yau, waya na taimakawa wajen tuna ranaku. Ki rubuta ranar da kika fara ganin al'adarki ta ƙarshe, domin daga ita ake ƙirga mako 40 na ciki. Ki sa ƙararrawa ta tuna miki shan maganin ƙarin jini kullum, da ranakun awo. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu, na farko kuwa cikin wata ukun farko.

Ranar da sabis ya ɗauke

Komai kyan shiri, sabis yakan yanke. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane suka shafe makonni ba kira ba tes. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar banki ta waya ta tsaya cik a wurare da dama. Ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin canjin kuɗi, da aka yi ta tura kuɗi ba sa shiga.

Don haka ku ajiye tsabar kuɗi a gida, gwargwadon kuɗin mota da na karɓar gaggawa. Idan da hali, layinki da na maigida su zama na kamfanoni daban, don in ɗaya ya ɗauke ɗaya ya yi aiki. In kuwa garinku na da nisa da asibiti kuma sabis ba shi da ƙarfi, ko an taɓa yi miki aiki a haihuwar baya, ko an ce kina da hawan jini, ku yi shawara da likita kan ko ya dace ki koma gidan 'yan uwa kusa da asibiti idan wata ya kama.

Ba duk abin da waya ta faɗa ba ne gaskiya

Yadda waya ke saurin kai saƙon alheri, haka take saurin kai ƙarya. A watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, wani saƙo ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Aƙalla mutum biyu suka rasu, da dama suka kwanta a asibiti. Mafi yawan waɗanda suka tura saƙon da kyakkyawar niyya suka yi.

A yau dandalin WhatsApp da Facebook da TikTok cike suke da masu tallar haɗin sauƙaƙa naƙuda, da na wankin mahaifa, da na ƙara wa jariri haske. Uwargida, babu wanda ya auna abin da ke cikin irin waɗannan haɗe-haɗe. Duk maganin da ke tayar da naƙuda, na sha ne ko allura, idan aka yi amfani da shi a gida yana iya fasa mahaifa, a rasa uwa da ɗa. Ko magungunan ciwon jiki da aka saba da su, irin su ibuprofen da diclofenac, suna iya cutar da jariri musamman a wata ukun ƙarshe. Kada ki sha komai sai kin nuna wa likita ko ma'aikaciyar awo.

Akwai kuma manhajojin lissafin ciki, da sababbin manhajoji masu amsa tambaya kamar mutum. Suna da amfani wajen ƙarin sani, amma da yawansu an tsara su ne don matan Turai da Amurka, inda babu zazzaɓin cizon sauro kamar namu. Babu manhajar da za ta auna hawan jininki, ko ta gwada fitsarinki, ko ta taɓa cikinki ta san kwanciyar jariri. Gani ya kori ji. Idan kin karanta wani abu ya tayar miki da hankali, ki rubuta shi ki zo da shi ranar awo.

Ki kuma yi hattara da 'yan damfara. Duk wanda ya kira ya ce daga asibiti ko wata ƙungiya yake, za a ba ki tallafin haihuwa, amma ki karanto masa lambar sirrin banki ko wata lamba da aka turo miki ta tes, ki kashe wayar. Idan kina da ƙorafi kan kamfanin layi da ya ƙi warwaruwa, lambar hukumar NCC ita ce 622, kyauta ce.

Alamun da ba a tsayawa tambaya

Idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada ki tsaya tura saƙo a dandalin mata kina jiran amsa. Ki kira direba, ki kira maigida kuna kan hanya:

Zubar jini komai ƙanƙantarsa. Ciwon kai mai tsanani ko gani dishi-dishi. Kumburin fuska da hannuwa. Jijjiga ko suma. Zazzaɓi mai zafi. Ciwon ciki mai tsanani. Fashewar faya kafin naƙuda. Raguwa ko tsayawar motsin jariri. Naƙudar da ta wuce awa 12. Bayan haihuwa kuma, jinin da ke jiƙa ƙunzugu da sauri, ko mabiya ta ƙi faɗowa.

Shin waya na cutar da jaririn da ke ciki?

Mata da yawa sukan yi mana wannan tambaya. Igiyar da waya ke aiki da ita irin ta rediyo ce, ba irin hasken hoton ƙashi ba ce da ake hana mai ciki shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zuwa yanzu ba a tabbatar da wata cuta da amfani da wayar hannu ke jawowa ba. Illar da aka fi gani ita ce ta hana barci, idan mace ta raba dare tana kallo alhali jikinta na bukatar hutu. Kada kuma ki kwanta da waya a kan katifa tana jone da caji, musamman da caja marar kyau, don gudun zafi da gobara. Bayan haihuwa ki tuna waya na ɗaukar datti daga hannu zuwa hannu. Ki riƙa goge ta, ki wanke hannu da sabulu kafin ki taɓa cibiyar jariri ko ki ba shi nono. A ɗakin masu jego kuwa, kada 'yan barka su ɗauki hoton da wata mata ko jaririnta za su fito a ciki ba da izininta ba.

Kalma ga maigida

Malam, kai ma da kai muke. Idan waya ɗaya ce a gidan, to a watanni biyun ƙarshe ka bar mata ita, ko ka saya mata ƙarama, ko ka shirya da maƙwabcin da matarsa ke gida kullum. Ka bar wayarka a kunne da dare, ka ɗaga idan ta kira ko kana tsakiyar ciniki. Mafi muhimmanci, ka ba ta izini tun yanzu, a gaban mahaifiyarka da sauran mutanen gida, cewa duk lokacin da ta ga alamar hatsari ta tafi asibiti ko ba a same ka a waya ba. Layi na iya ƙin shiga, jini kuwa ba ya jira.

Uwargida, idan za ki zo awo na gaba ki taho da wayarki da takardar lambobin nan, ki nuna wa ma'aikaciyar da ta duba ki, ta taya ki cike abin da ya rage. Allah ya raba lafiya.